Malam Dauda da Jikokin Matsafan Fir'auna

A gidanmu na Kibiya, in an ci tuwo an yi sallar isha'i, ƙofar ɗakin kakarmu Iya Kande muke taruwa. Takan hura wuta da karan dawa, ta binne dankali a cikin toka, mu kuma mu kewaye ta muna jiran ya nuna. Yawanci tatsuniyar kura da zomo take yi mana, har ƙananan cikinmu su yi barci a jikin juna.

Akwai ɗan baffana, Dauda, wanda kullum shi ne a gindin ƙafarta. Ba ta kiran sunansa, sai ta ce Mai Sunan Yaya. In ta tono dankali, babban nasa ne. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Wani dare na kasa haƙuri, na ture nawa na ce, "Iya, wai me Dauda ya fi mu da shi?"

Ta ɗaga kai ta dube ni a hasken wutar, ta yi dariya har da tari.

"Kai dai jikan Malam ne na gaske," in ji ta. "Haka idonsa yake yi. Matso nan. Yau ba tatsuniya, abin da ya faru zan gaya muku."

Malam da take nufi shi ne mijinta, kakanmu Malam Habu, wanda ya rasu kafin a haife ni. Shi da yayanta Malam Dauda a zaure ɗaya suka yi karatu a Rano, a gaban malami ɗaya, lokacin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Abotarsu ce ma ta jawo aurenta. Kowa ya san Malam Habu ya fi ƙwaƙwalwa. Fiƙihu, nahawu, rabon gado, in ya zauna a kansu ba mai ja da shi. Malam Dauda kuwa mutum ne mai yawo. Ya hau wannan dutse, ya leƙa wancan kogo, ya tafi can wajen Rurum ya wuni da tsofaffin Maguzawa yana tambayarsu daga ina kakanninsu suka zo. Kowa ya tambaya sai ya ce masa daga gabas. Ya kuma lura akwai wani maciji da ba sa kashewa, akwai sanduna da igiyoyi da suke ajiyewa a wurin tsafinsu.

Daga nan ya haɗa labarinsa. Ya ce lokacin da matsafan Fir'auna suka yi imani da Annabi Musa, Fir'auna ya hallaka su, 'ya'yansu suka gudu suka yi yamma, suka ƙetare hamada har suka sami mafaka a duwatsun Rano. Da zamani ya yi nisa sai suka manta imanin, suka riƙe sandunan. Ya zauna ya rubuta wannan duka da ajami, ya zuba a gafaka, ya riƙa karantawa a gindin tsamiya ranar kasuwar Kibiya.

"Ba ku ji muryarsa ba," in ji Iya. "Mai awon hatsi sai ya bar kwano a hannu. Maguzawa ma zuwa suke yi, wasu har suka musulunta, suka ce ai gida suka koma."

A lokacin nan zauren Malam Habu ya fara yin fili. Masu zuwa ɗaukar karatu bayan la'asar suka ragu, waɗanda suka zo kuma hirar Dauda suke yi kafin a buɗe littafi. Sai ga wani Bature mai zagayawa yana tambayar asalin garuruwa ya sauka a Rano, ya aiko a kira masa Malam Dauda. Ya zaunar da shi kusa da shi, tafinta na tsakani, yana faɗa ana rubutawa, da zai tafi ya ba shi bargo ja.

Iya ta ce, "Ranar na kai wa Malam tuwo, ya ɗanɗana ya ce miyar ta yi gishiri. Miyar nan kuwa mantawa na yi ban sa mata gishiri ba."

Ba a jima ba Malam Habu ya je ya ari littafin, ya ce kwafa zai yi. Damina guda ya yi a kansa. Iya ta ce takan ji shi a zaure yana maimaita shafi ɗaya, yana neman inda zai kama. Da kaka ta yi sai ya tara malaman gari, ya sa aka kira Malam Dauda.

"A wane littafi ka ga an ce 'ya'yan matsafan nan sun yi yamma?" ya tambaye shi.

"Ban gani ba, Malam. Kintata na yi. Na kuma rubuta a ƙarshe cewa Allah ne masani."

"A ƙarshe ka rubuta. A kasuwa kuwa kafin ka kai ƙarshen mutane sun watse da abin da suka ji. Kana jingina wa zamanin annabawa abin da ba ka da hujja a kansa."

Malamai suka yanke cewa kada ya ƙara karantawa a bainar jama'a. Nan Iya ta gyara kara a wuta, sannan ta ce, "Gaskiya Malam ya faɗa, ban taɓa musu ba. Amma ni da nake kai masa tuwo na san ba don gaskiyar ya faɗa ba."

Malam Dauda bai yi fushi a fili ba. Ya karɓi littafinsa. Da ayarin masu tafiya hajji a ƙasa ya tashi, ya shigo gida ya yi wa Iya sallama. Ya ce zai biya ta Masar ya tambaya da bakinsa. "Kande, in na tarar na yi kuskure, zan dawo in faɗa a gindin tsamiyar nan." Bayan shekaru wani alhaji ya ce ya gan shi a ƙasar Sudan yana koyar da yara. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Zauren Malam Habu ya sake cika, amma ba yadda ya so ba. Mutane sun san shi kaɗai ya karanta littafin daga farko har ƙarshe, don haka shi suke tambaya. Da farko korar su yake yi. Sai wata ranar kasuwa ya ji wani mai tallan magani ya tara jama'a yana cewa wai Malam Dauda ya rubuta Fir'auna kansa a ƙarƙashin dutsen Rano aka binne shi. Malam Habu ya ratsa taron ya ce, "Ba haka Dauda ya rubuta ba." Ya tsaya a nan, ya karanto labarin da ka, bai tsallake komai ba.

Tun daga ranar har ya tsufa abin da aka fi nema a wurinsa ke nan. Yakan fara da cewa wannan zance ba shi da asali, sannan ya shiga labarin, muryarsa ta canza. Iya takan tsaya a bayan zana tana saurare, muryar mijinta, maganar yayanta. Ta ce a ciwon ajalinsa ya tambaye ta, "Kande, da ni na rubuta, kina ganin za su taru haka?"

"Me kika ce masa, Iya?" muka tambaya.

"Na ce ya sha kununsa kada ya huce."

Ina yaro haushin kakana na ji. Sai da na girma na fara koyar da tarihi a makaranta na koma na bi sawun labarin. Na dai tabbatar hujja babu, kamar yadda ya faɗa. Na kuma tarar waɗanda suka so Malam Dauda ba abin da suka riƙe sai daɗin muryarsa. Duk abin da ya rage na littafin ta bakin mai kishinsa ya fito. Wani dattijo a Rano, wanda ya ji su duka biyun, ya ce mini labarin ya fi daɗi bayan tafiyar Dauda. Ya ce wurin ƙetare hamada, inda uwa take ɗaure ɗanta da igiyar mijinta don kada iska ta raba su, bai taɓa jin sa a gindin tsamiya ba, a zauren Malam Habu ya fara ji.

Wato kakana ma ya yi nasa rubutun, shekara da shekaru, da baki, a cikin littafin wani. Bai taɓa cewa nasa ne ba, kuma har yau a Kibiya labarin Malam Dauda ake ce masa.