Babin da na kasa karanta wa Madam Karen

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da kunyata ta kusa raba wata baiwar Allah da aikinta. Lokacin ina karatu a Salford ta Ingila, a tsakiyar shekarun dubu biyu, ina kuma taɓa aiki a wani ƙaramin kamfani da ke ba mutane masaukin dandalin hira a intanet. Mu ne masu tacewa. In an kawo ƙorafi mu duba rubutun, mu bar shi ko mu sauke. Kamfani yana da ikon sauke duk abin da ya ga dama ba sai ya faɗi dalili ba. Amma ƙorafin batsa daban yake, don a Ingila doka tana iya hawa kan rubutu ko da ƙirƙirarren labari ne. In shugabarmu ta ga abin ya kai, lauya za ta miƙa wa, daga nan kuma magana tana iya kaiwa ga 'yan sanda.

Ran nan wani dattijo daga unguwar Moss Side ya kawo ƙorafi a kan wani labari da ake sakawa babi-babi a dandalin Hausawa. Marubuciyar, Hajiya Rabi, ungozoma ce a wani asibiti a Birmingham. Ko bincike kawai aka buɗe a kanta da sunan batsa, za a iya dakatar da ita.

Ni kaɗai ne mai jin Hausa a ofis. Shugabarmu Madam Karen, sa'ar mahaifiyata, ta zaunar da ni ta ce in fassara mata babin da baki, tana rubutawa.

Labarin wata mai jego ne da jini ya ɓalle mata bayan an sallame ta, ta ɓoye wa kowa don nauyin faɗa. Hajiya Rabi kuwa ba ta san sakaya ba, kowace gaɓa ta kira ta da sunanta. Ina zuwa wurin bakina ya mutu. Na sunkuyar da kai, na ce, "Nan dai ta yi bayanin jiki." Na tsallake. Na sake tarar da wani, na sake tsallakewa.

Madam Karen ta ajiye biro. Ta ce, "Sani, abin ya yi munin da ba za ka iya faɗa ba?"

A gidanmu, wanda ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya yi. Ita abin da ta gani shi ne ma'aikacinta ya karanta ƙazanta har ta fi ƙarfin bakinsa. Ta jawo waya tana neman lambar lauya.

Na ce ta dakata. Na juya kujerata na fuskanci bango kamar yaron da aka hukunta, na karanta babin tun daga farko ina fassarawa, ban bar kalma ɗaya ba. Na kai har ƙarshe, inda maƙwabciya ta tsinci mai jegon a sume a banɗaki.

Sai Madam Karen ta ce, "Wannan ce batsar? Ai ni ma ya kusa faruwa da ni a haihuwata ta biyu." Ta bar labarin, ta ce a sa gargaɗi a samansa kawai.

Ƙa'ida ce a sanar da mai rubutu, don haka na kira Birmingham. Hajiya Rabi ta saurare ni tsaf, har da zancen bango. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Malam Sani, kai ma a wurin ka yi shiru? Haka masu jego suke yi mini a asibiti. In ce ina ke ciwo, su ce ba komai, Anti. Sai abin ya kai an kira motar asibiti. Don su na rubuta."

Na daɗe a wannan aiki bayan nan, na sauke rubuce-rubuce da yawa ban yi nadama ba. Abin da na koya shi ne, mai tacewa ba ya yanke hukunci da nauyin bakinsa. Duk sabon da aka kawo mini horo nakan ce masa, in ka ji kunya ka juya bango, amma ka karanta duka.