Motar da Muka Cire wa Kuloci

Sana'ata bugun bodin mota da fenti. A Azare aka haife ni, a nan na koyi aiki, kuma duk layin garejinmu an san ba na shiri da mai kawo aiki yana cewa gobe yake so. Mutum ya shekara yana kallon motarsa tana ruɓewa, sai biki ya taso masa ya zo ya tsaya maka a ka. Irin waɗannan kora nake yi, ko waye. Mutum ɗaya ne ya taɓa yanka mini wa'adi na ce to ban ko ɗaga kai ba, shi ne malaminmu na lissafi a sakandare.

Malam Kirista ne, mutumin kudancin Bauchi, can cikin duwatsu. Tun yana saurayi aka turo shi koyarwa garinmu, ya zauna a kwatas ɗin malamai har furfura ta cinye masa kai. Ya dake ni a kan lissafi, duka ba na wasa ba, lissafin kuma ya ƙi shiga. Da ya tabbatar kan nan nawa ba na boko ba ne, shi ya je ya sami mahaifina, shi ya kama hannuna ya kai ni gareji ya damƙa ni ga mai gidan da ya koya mini aiki. Abincin da nake ci yau ta hannunsa ya biyo.

Yana da wata jar motar tsere mai kujera biyu, gajeriya, kana tsaye kana kallon rufinta ta sama. A hannun wani Bature mai aikin hanya ya saye ta. Muna yara, in ta taso daga kwatas sai aji ya watse zuwa taga, shi a sitiyari, matarsa a gefe tana dafe ɗankwali. Da matar ta rasu ya kai ta garinsu aka binne, ya dawo ya ajiye motar a gindin darbejiyar bayan gidansa, bai ƙara tayar da ita ba. Shekaru suka yi ta wucewa a kanta.

Sai ritaya ta zo. Aka ce ya ba da gidan kafin a dawo daga dogon hutu, don an riga an ba wani sabon malami. Hutun kuwa ya kusa rabi ranar da ya zo garejinmu, da lema a hannunsa ko da yake ba hadari a sama. Na share masa benci. Bai yi dogon bayani ba.

"Ba zan koma gida a gaban motar kaya kamar wanda aka koro ba," in ji shi. "Da kaina zan tuƙa ta in fita garin nan, da kaina zan shiga da ita garinmu. Za ka iya?"

Na ce in Allah ya yarda. Ban ga motar ba tukuna, amma me zan ce?

To akwai abin da duk muka sani ba mu faɗa. Wani hutu da ya wuce Malam ya ɓace, aka ce yana asibiti a Bauchi. Ya dawo ya ce zazzaɓi ne. Amma tun daga nan ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi. Lemar nan sanda ce, sunan lema kawai aka ba ta. Shi ne na farko a wurin taron safe na makaranta, don kada a ga shigowarsa, kuma ba ya motsawa sai kowa ya watse. In ya hango mutum a hanya sai ya tsaya yana duba agogo har a wuce. Ɗalibai sun gani, malamai sun gani, mai shayin bakin ƙofar makaranta ma ya gani. Wa zai dubi idon babban mutum ya ce ƙafarka ta mutu? Muka bar shi da sirrinsa, shi kuma yana ganin ya iya ɓuya.

Washegari na ɗauki bakaniken da muke aiki tare muka je ganin motar. Dattijo ne Bafillace, mutumin Misau, in ya yi maka magana uku a yini ka gode Allah. Abin da muka tarar, kai, ba kyan gani. Tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da kujeru akurki, ɓeraye sun cinye wayoyi tas. Na taka ƙasan motar ƙafata ta fita ta ƙasa. Injin ya daskare, ko da dogon ƙarfe ya ƙi juyawa. Bakanike ya yi ta dube-dube, can ya ce abu ɗaya ne lafiyayye a jikinta, giyabos. Ya ce an daina ƙera irinsa.

Sannan ya shiga ya taka kuloci, fedar da ake takawa da ƙafar hagu a canja giya, ya sake takawa, ya kira ni in taka. Tauri kamar kana taka turmi. Haka ake yin na motocin tsere, ba lalacewa ba ce. Ya ce a hankali, ƙafar Malam ta hagun nan ba za ta kai shi ko bakin ƙofar makaranta ba, balle hawa da gangaren duwatsunsu, inda ake canja giya ba hutawa. Na ce to ka gaya masa. Ya ce malaminka ne. Na ce ai shi ya sa. Muka tsaya muna kallon juna a gindin bishiya kamar wawaye.

Bakaniken ne ya kawo dabarar. Tunda dole a sa wani injin, a nemo mai giyar otomatik, a ɗora su tare, a cire kuloci gaba ɗaya. Birki da totur duk aikin ƙafar dama ne, ita kuwa lafiyarta lau. Malam zai tuƙa abarsa har gida. Na ce in ya tambaya fa? Ya ce ka ce giyabos ya mutu. Raina bai so ba, amma ban ga wata hanya ba, har yau ma ban gani ba.

Aka jawo motar gareji. Bakanike ya tuna da wata mota mai giyar otomatik da ta yi hatsari a Misau, bayanta ya tafi amma gabanta bai taɓu ba, muka je muka ciro injinta da giyabos. Da muka kawo suka ƙi shiga. Sai da na yanka ƙasan motar na faɗaɗa, na ƙera sababbin ƙafafun inji, aka kai farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, wurin mai walda ya rage mata tsawo. Ya rage ya wuce kima, aka sake nemo wata. Muka ɗaga motar kaɗan saboda hanyar garinsu, don yadda take a da ko tudun kwalbati sai ta goga ciki. Na tausaya mata, wallahi. Mota ce da aka yi ta don ta kwanta a titi, muka mayar da ita kamar wadda ta tattare wando.

Ga damina ta kankama. In na yi wa bodi shafe da safe, kafin ya sha iska hadari ya haɗo. Fenti ba ya son danshi, sai ya yi ƙuraje, in goge in sake. Mai sayar da fenti ya haɗa mini wani ja kamar na manja ya ce ai ja ja ne. Sai da maƙwabta suka shiga tsakaninmu. Mai haɗa wayoyin mota ya yi mini alkawarin safe ya zo la'asar, na faɗa masa maganar da har yau ba ya gaishe ni da kyau. Na kori duk wani aiki da aka kawo. A gida ma aka daina tambayata komai, abinci kawai ake turo mini a ja da baya.

Malam kuwa kullum da hantsi yana nan a benci. Wannan ya fi komai wahala. Muka tura motar cikin rumfar fenti, na lulluɓe gilasanta da tsofaffin jaridu, na ce masa warin fenti yana taɓa ƙirji, ya zauna daga waje. Ya yarda, ina jin don rumfar da ɗan nisa ne kuma akwai mutane. Daga nan yake jefo tambaya. Ranar da ya tambayi giyabos na ce ya mutu, mun sa wani, ina ta goge hannu da tsumma ban kalle shi ba. Ya ce abin mamaki, bai taɓa ba shi matsala ba. A lokacin giyabos ɗin yana bayan bencin da yake zaune, ƙarƙashin tarin tsofaffin ƙofofi. Na girma har na aurar da 'ya, amma ranar gumi ya karyo mini kamar an kira ni gaban allo.

Ana saura kwanaki kaɗan a dawo hutu motar ta tashi. Muka fita gwaji ni da bakanike da sassafe, muka ɗauki hanyar Katagum. Gero ya fitar da kai hagu da dama, da muka kusa kogi ruwa ya kwanta a fadamu har gefen titi, masunta suna ɗagowa suna kallonmu. Tana tafiya sumul, ba ta zafi, ba ta ja gefe. Ya kamata in yi murna, ban yi ba. Duk sanda na rage gudu sai ƙafata ta hagu ta kai duka inda kuloci yake, ta sami wayam. Ni da na cire shi da hannuna ke nan. Na gane Malam ba zai yi daƙiƙa ɗaya a kujerar nan ba tare da ya sani ba.

A hanyar dawowa bakanike ya ce ko mu mayar da fedar kuloci, mu sa mata sassauƙan sifirin, Malam ya riƙa takawa ba ta aikin komai. Na taka birki a tsakiyar titi. Na ce Malam ba yaro ba ne da za a ba shi sitiyarin kwali, kuma giyar da ke hannunsa fa, ita ma zane za mu yi mata? Na ja motar muka ƙarasa Azare. Daga baya na ba shi haƙuri, don shi ma neman mafita yake yi.

Ranar tafiya Asabar ce, an kwana ana ruwa. An gama loda kayansa a motar kaya tun da wuri. Kwatas ya cika: malamai, tsofaffin ɗalibai da suka zama 'yan kasuwa da ma'aikata, mutanen cocinsu, har limamin unguwa ya zo. Malam yana tsaye a bakin ƙofarsa cikin farar riga, ya riga kowa fitowa kamar kullum. Na shigo da motar tana sheƙi aka ɗau sowa. Na kai ta daf da shi, yadda taku ɗaya zai yi, na fito na miƙa masa makulli da hannu biyu.

Ya shafa rufinta ya daɗe. Ya zauna, ya shigar da ƙafar dama, sannan ya yar da hankicinsa ƙasa, ya sunkuya kamar zai ɗauka, ya kama wandon hagu ya ɗago ƙafar ciki. Kowa ya kau da kai. Ina tsaye a jikin ƙofar, na ga ƙafar tana lalube a ƙasa, ta matsa, ta sake lalube. Ya duba ƙasa. Ya duba giyar. Hannunsa yana kan makulli bai murɗa ba.

"Giyabos ɗina," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Da gaske ya mutu?"

Ƙarya a gareji daban, ƙarya yana kallon idona daban.

"Lafiyarsa ƙalau, Malam."

Ya juya ya bi mutanen da kallo ta gilas, ɗaya bayan ɗaya. Sowar ta mutu. Wannan yana duba takalminsa, wancan yana gyara hula, shugaban makaranta ya ciro waya yana latsawa. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

"Duka sun sani?"

"Babu wanda ya taɓa faɗa, Malam."

Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga hannu ya mare ni a gaban jama'a, da na fi samun sauƙi. Sai ya gyaɗa kai, ya ce in ba shi hannu, bai yi sallama da mutane yadda ya kamata ba.

Na fito da shi. Ya ɗora hannu a kafaɗata, muka bi taron mutum bayan mutum. Bai ƙara ɓoye komai ba. Ƙafar tana jan ƙasa, tana barin layi a jiƙaƙƙen yashi, yana gaisawa da kowa yana neman gafara. Matan cocinsu suka fara kuka, wani ƙaton ɗan kasuwa da muka yi aji ɗaya ya juya baya yana share fuska da hula. Mutumin da ya miƙe mana tsaye duk tsawon rayuwarmu, a tsakanin ƙofar gida da gindin darbejiya ya tsufa a gaban idona.

Na mayar da shi mota. Wannan karon da hannu biyu ya ɗauki ƙafar ya sa ciki, kowa yana gani. Na nuna masa inda giyar tafiya take da ta baya, ya saurara kamar ɗalibi. Ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ya murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, ya ja ta a hankali ya fita ƙofar makaranta da kansa, motar kaya tana bin sa a baya.

Mutane suka yanyame ni ana sannu da aiki, wani har yana tambaya ko zan duba masa tasa. Kafaɗata kawai nake ji, inda ya dafa. Duk nauyinsa ya sakar mini, kuma bai kai nauyin ƙofar mota ɗaya ba.