Goron Tafireta

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ba mu da aikin da ya wuce kallon manyan motoci. In an tashi daga makaranta sai mu tsaya a bakin titin Jega, littattafai a ka, muna kallon su suna wucewa Birnin Kebbi ɗauke da teburan ofis ƙafafu a sama. Ni kallo kawai nake yi. Ƙawata kuwa zaɓe take yi. Siririyar yarinya ce daga Kuberi ta ƙasar Maiyama, an kawo ta gidanmu riƙo don ta yi karatu. Kowace mota ta wuce sai ta nuna tebur ɗaya ta ce nata ne, ta faɗi inda za ta ajiye shi kusa da taga, har da kalar labulen.

Tana ajin ƙarshe, ina bin bayanta. Mahaifinta bai ɓoye mata komai ba: ƙarfinsa ya tsaya a nan, in ta gama ta samu aiki to madalla, in ba ta samu ba ta dawo gida, ga gona ga ƙanne. An ce sabuwar sakatariyar jiha a Birni tana neman 'yan mata masu buga tafireta, kuma sai an zaunar da mutum an gwada shi. Mu kuwa a kwali muke koyo. Mun zana haruffan a bayan kwalin sukari, mu jera yatsu, mu rufe ido, muna dannawa ba ƙara ba rubutu. Tafireta ɗaya ce a makarantar, tana ofishin shugaba a lulluɓe, akawu kaɗai ke taɓa ta. Ƙawata ba ta taɓa sanin nauyin harafi a ƙarƙashin yatsanta ba.

Wata malama 'yar bautar ƙasa, mutuniyar kudu, ita ta kafa mana ƙungiyar kasuwanci. Hausarta ta sayen tumatir ce, amma tana da zuciya. Ta ce ƙungiya za ta tara abin da za a sayi tsohuwar tafireta, kowa ya kawo dabara.

Har yau in na ji ƙanshin furen darbejiya sai in tuna zaman nan namu. Muna kishingiɗe a inuwar bishiyar bayan azahar, iska na tasowa daga fadama da ɗan warin ganyen albasa, kowa na zuba nata. Wata ta ce a yi wasan kwaikwayo a karɓi na ƙofa, sai aka rasa mai yarda ta fito a matsayin miji. Wata ta ce gasar kitso da ƙunshi. Wata 'yar Aliero, wadda ubanta dillalin albasa ne, ta ce mu ari gona mu shuka, kafin ta rufe baki har ta cika mota ta aika Legas, ta dawo ta gina mana bene. Ni na ce a ɗauko majigi, ban san inda ake ɗauko shi ba. Ƙawata ba ta cika magana ba, yatsunta dai na tafiya a kan gwiwarta. Mun sayi tafireta a ƙarƙashin bishiyar nan ya fi a ƙirga, kuma kullum sabuwa fil.

A ƙarshe aka tsaya a kan ranar kasuwa a filin makaranta: waina, ɗanwake, fura, kunun zaƙi da zoɓo. Kowacce ta ɗebo abin da za ta iya daga gida, wannan gero, wannan shinkafa, wannan man gyaɗa. Malama ta ce kasuwa ba ta ci sai da talla. Muka rubuta sanarwa a kwalaye muka liƙa a jikin itatuwa, awaki suka karanta da haƙora. Da na kai wa mahaifiyata labari, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce wane maigida ne zai bar matarsa ta fita saboda takarda, kuma ma yaushe matan aure suka fara cin kasuwa?

Gaskiyarta ce, kuma mata muke so, su ne masu sayen kayan kwaɗayi. Muka yi shawara a tsakaninmu: ai babba ba a kiransa da baki kawai, goro ake kai masa. Muka gaya wa Malama irin tallarmu ke nan, ta tafa mana. Muka ƙulla goro da alewa muka bi gida gida a Jega Magaji, 'yar Aliero ta kai wa danginta, wata ta kai Fagada. Duk inda muka shiga sai mu durƙusa mu ce ana gayyatarsu makaranta ranar Asabar. Ba wanda ya tambayi ƙarin bayani, goro ya riga ya yi maganarsa. Mu da aka haifa a cikin abin, ko a jikinmu. Hankalinmu yana can wurin tafireta.

Da hantsi dattawa suka iso da manyan riguna, har da liman. Suka zauna a tabarma, aka ɗaga hannu aka yi addu'a, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya, ko da yake na lura liman yana ta waige ko zai gano wa ake yi wa. Suka ci waina, suka wanke hannu, suka tafi ko kobo ba su ajiye ba. Malama ta bi su da ido, ta dube mu. Muka dubi tukwane.

Bayan azahar mata suka ɓullo. Ban taɓa ganin filin makarantarmu da kyau irin na ranar ba. Atamfofi sabbin ɗinki, hannuwa jajur da lalle, ƙanshin turaren wuta yana gaba suna biye, kowacce da ƙunshi a ka. Wata ta rangaɗa guɗa tun daga ƙofa. Na ɗan tsaya na manta abin da ya tara mu, ina jin kamar an ɗauke ni an sauke a wani gari da kowa ke farin ciki ba a san dalili ba. Suka zazzauna, muka fara zubawa. 'Yan kwalayen da muka rubuta farashi a kai, da su suka riƙa fifita.

Malama ta ja ni gefe ta ce in gaya musu su biya. Na ce to, na je na dawo. Da wane baki zan ce wa gwaggona, wadda na durƙusa na miƙa wa goro da hannuna, ta biya kuɗin fura? Baƙon da ka kira ba a yi masa ciniki. Haka kowacce ta je ta dawo, har aka kai ga ƙanzo. Na hango ƙawata a tsaye da ludayi tana kallon gindin tukunya, ba ta kuka, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Na ji tausayinta har cikin raina.

Da la'asar ta yi, sai mata suka fara kwance ƙunshinsu. Ashe ba wadda ta zo hannu rabbana. Sabulai, kwanonin sha, turmin atamfa, kwandon albasa, abin da aka ƙulle a bakin zane. Wata tsohuwa daga Fagada, mai tsagar fuska da muryar da ba ta buƙatar lasifika, ta dubi dama ta dubi hagu.

"To wa ad da bikin ga? Mu dai goro anka ba mu."

Malama ta sa na fassara cewa na ƙungiya ne.

"Ƙungiya ɗiyaw wa ta? Ina gidansu? Ran nawa bikin, wa za ni nema?"

Duk 'yar garin ta san nauyin tambayar. Gudummawar biki ba kyauta ba ce. Wadda ta karɓa ta ɗaura wa kanta igiya ke nan: duk ranar da mai bayarwa ta aiko goro, suna ne ko aure, da rani ko da damina, sai ta je da ƙafarta da abin hannunta, kuma abin ba ya ƙarewa. Iyayenmu ke ɗaukar wannan kaya, kuma kowacce nata ya ishe ta. Ba a ba wa abin da ba shi da fuska. Mata suka soma mayar da kaya suna ƙullewa, ba fushi ba tsiya, suna cewa an yi ba a yi ba.

Sai na ji an ajiye ludayi. Ƙawata ta ratsa tabarmi ta je ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Ni ad da shi, Inna."

"Mi anka samu? Arme ko suna?"

"Ko ɗaya. Ƙarhen rubutu muka son mu saya, in koya, in samu aiki Birni. In ban samu ba gida za ni koma."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. Ta tambayi garinsu, aka ce Kuberi. Ta tambaya ko uwarta tana cikin taron, aka ce babu kowa nata a nan.

"Kin san abin ga ba a rama shi rana guda?"

"Na sani, Inna."

"To ke za ni nema."

Ta tura mata kwandon albasa. Ɗaya bayan ɗaya suka sake kwancewa, kowacce sai ta riƙe haɓar yarinyar ta dubi fuskarta da kyau kafin ta ajiye nata.

Ranar kasuwar Jega yayyenmu maza suka sayar mana da kayan. Aka sayo tsohuwar tafireta a wurin wani dattijo mai rubuta wa mutane takardun ƙara, wanda ido ya fara gaza masa. Ba ta yi kama da ta ƙarƙashin darbejiya ba, harafi ɗaya ma sai an ɗago shi da farce. Amma da ƙawata ta danna ta ji ƙara ta amsa, sai ta janye hannu ta ɓoye a cikin hijabi tana dariya. Ta kwashe sauran zangon a kanta. Ta je gwaji, aka ɗauke ta.

Ko albashin farko ba ta karɓa ba wani direba ya kai mata goro har ofis, daga Fagada, an yi wa tsohuwar jika. Ta nemi izini, ta sauka a gidanmu, ta sayi sabulu da abin da ta tara daga kuɗin abincin rana, ta ce in raka ta. Muna tafe ta cikin gonakin albasa ina ta yi mata tsiya, wai ga ma'aikaciyar gwamnati an ja ta da goro kamar akuya da dusa. Ta ce in yi ta yi.

Muna shiga gidan tsohuwar ta hango mu. Ba ta yi mamaki ba, ko sannu da hanya ba ta tsaya yi ba.

"Ga ɗiyata ta Birni ta taho. Ku ba ta wuƙa, albasa na jira."

Ƙawata ta tuɓe takalmin ofis, ta ɗaura zane a kan atamfarta, ta shige cikin hayaƙin murhu, mata na ta kiran ta daga ko'ina. Ni, haifaffiyar Jega, aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa aka kawo mini kwano da ruwan wanke hannu. Na zauna na ci tare da sauran baƙi.