Amsata ta farko a gurup ɗin masu mukayyif

Jiya Talata bayan la'asar, ina cikin tasi daga unguwar Misfala zuwa unguwar Shisha, sai ga kiran Baba Injiniya, shugaban gurup ɗinmu na waya na masu gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Dokarsa ita ce duk mai tambaya kullum ba ya amsa ta kowa, waje zai yi. Ni kuwa tun da na gama karatu tambaya kawai nake yi, don tsoron kuskure a gaban manya. Da wani ya rubuto a gurup cewa mukayyif ɗinsa na ɗigar ruwa cikin ɗaki, na ce yau zan amsa.

"Ɗana, lafiya? Tun azahar waya ke nuna kana rubutu. Bawan Allah ya tara bokiti yana jiranka."

"Baba, ina sake dubawa ne."

"Halas, ya isa haka, tura. In ka kuskure za mu yi maka ca, shi kuma ya samu amsa. Shirunka ba ya tsayar da ruwa."

Na tura cewa ƙila bututun fitar ruwa ne ya toshe. Ba a kore ni ba.

Abin da ban sani ba har yanzu: ko bututun ne, ko bokitin ya cika, da kuma wanda ya laƙaba min Malam Yana-Rubutu.

Ku fa, yaya kuka ƙare da taku amsar ta farko?