Fuskar Yaya Auwalu

A gidanmu na ƙauye, can bayan duwatsun Roni, ba a hura wuta a tsakar gida sai an gama kai amfanin gona rumbu, sanyi ya fara shigowa. Da an idar da sallar isha'i an kwashe kwanukan tuwo, kakarmu ta wajen uba, Iya Kulu, za ta jawo 'yar kujerarta zuwa gindin rumbu ta ce a kawo kara. Karan dawa ba ya jimawa a wuta, yanzu ya tashi da haske, yanzu ya koma toka, don haka dole a sami mai turawa. Wannan aikin yayana ne, Auwalu, ɗan farin Innarmu. Ni nawa aikin shi ne in binne gyaɗa a toka, in shagala da sauraro har ta ƙone.

Iya tana ce wa Yaya Auwalu maigida babba, ni kuma maigida ƙarami, tana ƙorafin cewa duk cikinmu ba wanda ya taɓa kawo mata goro. Idan za ta fara, sai ta ƙwanƙwasa ƙafar kujerarta da yatsa ta ce, "Baƙuwa ce a ƙofa." Mu kuma mu amsa, "A shigo da ita." Ba ta ɗaga murya. Idan wani ya yi surutu, shiru kawai take yi tana kallon wuta har sai shi da kansa ya ji nauyi.

Cikin tatsuniyoyinta akwai ta wata tsohuwa mai ginin tukwane wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Wata rana ta kwaɓa yumɓu ta gina yaro, da hannuwa da ƙafafu da kai, amma ba ta iya yin fuska ba, domin duk rayuwarta bakin tukunya kawai ta sani. Sai ta shiga daji neman aro. Barewa ta ara mata idanu, zomo ya ara mata kunnuwa, kurciya ta ara mata murya. Tana haɗa masa su yaro ya miƙe yana tafiya, kyakkyawa, har daga wasu garuruwa ake zuwa kallonsa. Ana nan sai lokacin farauta ya zo. Barewa ta zo da sassafe ta ce a ba ta idanunta ta ga maharba. Zomo ya zo ya karɓi kunnuwansa. Kurciya ce ta zo ƙarshe, tana ta ba da haƙuri, amma ita ma ta tafi da muryarta. Yaro ya koma curin yumɓu. Da damina ta faɗi, ruwa ya ja shi zuwa ramin da ake haƙar yumɓu, ya gauraya da sauran curarruka. Tsohuwa ta shiga ramin tana shafa su ɗaya bayan ɗaya, har hannunta ya faɗa kan wani mai ɗan loko a ƙeya, inda babban yatsanta ya danna lokacin da take riƙe da shi tana gini. Ta ɗauko shi ta kawo gida, ta ajiye kusa da randa, kullum da safe ta gaishe shi.

Na ce, "Iya, ya sake tashi?"

Ta ce, "Maigida ƙarami, ban ce ya tashi ba. Cewa na yi ta gane shi. Baƙuwa ta tafi, ku rufe ƙofa."

Yaya Auwalu bai ji daɗin ƙarshen ba. Ya ce da shi ne tsohuwar, da kansa zai zauna ya koyi yin idanu. Iya ta yi dariya ta ce to ya fara koyon tura kara tukuna, ga wuta nan tana mutuwa.

Da bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya shigo ƙauyenmu. Yaya Auwalu ya kwanta da ciwon kai, washegari wuyansa ya sandare, aka tafi da shi asibiti Kazaure a motar kasuwa. Da aka dawo da shi, a naɗe yake, ba rai. Bai kai shekara goma sha biyu ba, ni kuma ban daɗe da shiga firamare ba. Abin da na fi tunawa a ranar shi ne wata maƙwabciya ta miƙo mini fura a kwano, na shanye duka, na lashe ludayin. Ina ta jiran kuka ya zo, bai zo ba. Inna ma ban ga hawayenta ba. Tana ta karɓar gaisuwa tana cewa wanda ya bayar ne ya karɓi abinsa, kanta a sunkuye. Da sanyi ya zagayo Iya ta sa aka hura wuta, ni na koma tura kara. Ta ci gaba da tatsuniya har ƙarfinta ya ƙare bayan wasu shekaru, amma ta mai tukwane ba ta sake yin ta ba. Ba a taɓa ɗaukar Yaya Auwalu hoto ba.

Zane na fara shi ne a ƙasa da tsinke, na koma bayan littattafan makaranta, har na je karatu Kazaure na sami wani tsohon tabilet mai alƙalami. Yanzu a Kano nake, ina yi wa wani ƙaramin kamfani zanen littattafan yara da gajerun katun. Aikina ƙirƙiro mutanen da babu su. Da farko duk abin da na zana sai maigidan aikin ya ture shi ya ce, "Sani, wannan idon na katun ɗin waje ne, wannan gashin ma na san inda ka gano shi. Ina naka?" A hankali na koyi fara kowane mutum da baƙar inuwa zalla, ba ido ba baki, idan ba a gane shi daga inuwar ba, fenti ba zai cece shi ba. Na koyi raba zane hawa-hawa, abin da muke kira leya, kamar takardu shara-shara da aka jera kan juna: layin jiki a ɗaya, launi a ɗaya, haske a wata, yadda za ka kashe ɗaya ko ka gyara ta ba tare da ka taɓa sauran ba. Kuma na koyi ba kowa wani ɗan abu da ba na kowa ba. Na yi wata yarinya mai kiwon awaki da ta ɗaure igiyar silifas ɗinta da leda. Na yi wani tsohon tela da kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Aka fara yabawa. Na ɗauka a lokacin cewa na gama fahimtar tatsuniyar Iya, ashe darasin sana'a ce ta ba ni tun ina yaro. Ina yin aikin kamar yadda nake cin abinci, hannu yana tafiya, ba na jin komai.

Bara bayan girbi na je gida. Da rana ina zaune a rumfa ina ƙarasa wani aiki, tabilet ɗin na karɓo shi ke nan daga caji a shagon mai sola, sai Inna ta zo ta zauna a gefen tabarma da tiren wake tana tsincewa. Ta daɗe tana leƙen yarinyar mai awaki.

Ta ce, "Wannan 'yar wa ce?"

Na ce, "Ba 'yar kowa ba ce, Inna. Ni na ƙirƙiro ta."

Ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To tunda kana yin waɗanda ba a taɓa yi ba, ba za ka iya yin wanda aka taɓa yi ba? Yayanka nake nufi. Fuskarsa ta fara ɓace mini."

Inna ba ta faɗin sunansa. Ɗan fari ne, ko yana da rai ba ta faɗa, bare yanzu. Na buɗe sabon shafi na ce mu gwada. Sai da na ɗora alƙalami na gane ni ma ba ni da komai. Ina tuna rigarsa mai ruwan ƙasa, ina tuna hannunsa a kan kara, amma inda fuska take, fili ne kawai.

Muka bi ta hanyar da ta rage. Ta ce hancinsa irin na Baba ne, na ɗauko hoton Baba a wayata na kwaikwaya. Ta ce goshinsa irin nawa ne. Idanu ta ce kamar na ƙanwarmu Rabi, amma ba su kai nata girma ba. Kowanne na sa shi a leyarsa, ina matsarwa, ina ragewa, ina jawo hoton kusa ta duba, idan ta girgiza kai in taɓa allon da yatsu biyu abin ya koma yadda yake. Har aka kira la'asar muna kai. Bayan salla na sa launin fata, na gyara haske, na miƙa mata.

Ta riƙe tabilet ɗin da hannu biyu kamar kwanon da ya cika. Ta ce, "Yaro ne mai kyau, Allah ya raya wa iyayensa. Amma ba namu ba ne."

Na ce za mu iya sake gwada idanun.

Ta ce, "Bari, Sani. Laifin ba na idanun ba ne. Ni ce ban san su ba." Ta ajiye tiren gefe. "Tun da aka yaye shi a ɗakin kakarku yake. Idan ya shigo wajena akwai mutane, kauda kai nake. Haka aka koya mana, haka kowa ke yi. Na ɗauka akwai lokaci, idan ya girma zan kalle shi son raina. Inda nake samun ganinsa sosai, sai in kuna wajen wuta. Ina ƙofar madafa ina wanke-wanke, ba mai lura da ni. Ta bayansa nake ganinsa, ta gefe, ya karkata kai haka."

Ta karkatar da kanta, ta miƙa kunnen hagu gaba.

Na ce, "Me ya sa yake yin haka?"

Ta dube ni da mamaki. "Ba ka sani ba? Kunnensa na dama ba ya ji. Tun yana goye ya yi ciwon kunne. Shi ya sa ya karɓi turin kara, don ya zauna kusa da bakin kakarku."

Ban sani ba. A tabarma ɗaya muke kwana, ban taɓa sani ba.

Na kashe leyar hanci, na kashe ta idanu, na kashe duka. Na tambaye ta daga wane ɓangare take tsayawa, ta nuna mini ƙofar madafa da inda rumbun yake a da. Na fara da baƙar inuwa: yaro a tsugune, bayansa gare mu, hannu ɗaya a miƙe. Na zagaye kan da alƙalami na juya shi kaɗan. Ta ce ƙara. Na ƙara. Ta ce ya yi yawa, na rage. Sannan na buɗe sabuwar leya, na ɗauki burushi mai laushi da launin garwashi, na bi gefen kunci da bakin kunne da kafaɗa, iya inda hasken wuta zai taɓa. Ba a ganin ido, ba a ganin baki.

Inna ta ja bakin mayafinta ta rufe bakinta. Sannan ta ce, "Shi ne." Ta tashi ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba.

Ni ina zaune da tabilet a cinya, ina jiran wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da na lura da shi kawai shi ne caji ya kusa ƙarewa, na yi sauri na adana zanen.

Wayar Inna ƙarama ce, ba ta nuna hoto sosai, don haka washegari na hau babur zuwa Kazaure aka buga mini shi a takarda mai kauri. Ba ta rataye shi ba. A cikin kwalla ta sa shi, ƙarƙashin zannuwanta.

Tun daga nan nakan koma kan tatsuniyar Iya, kuma na daina ganin ta a matsayin darasin sana'a. Tsohuwar nan ba ta sami ɗanta ba. Abin da za ta riƙa gaisarwa ta samu, kuma Iya ba ta taɓa yi mana alkawarin fiye da haka ba. Wataƙila shi ya sa ta kasa maimaita ta bayan ta ga abin da idonta. Akwai kuma abin da ban gaya wa Inna ba. Da, idan na tuna Yaya Auwalu, nakan ga rigar da hannun, nawa ne, daga inda nake zaune kusa da shi. Yanzu idan na rufe ido zanen nake gani, daga ƙofar madafa, inda ban taɓa tsayawa ba. Ɗan abin da nake da shi ya shige ƙarƙashin nata. Ban san ko asara ce ba.

Kwanan baya Inna ta kira ni a waya, muka gaisa, ta ba ni labarin awaki da tsadar taki. Har za mu yi sallama sai ta ce, "Yau na buɗe kwalla na duba yayanka."

Bakina ya riga tunanina, na tambaye ta kamar yadda ake tambayar kowa, "Yaya yake?"

Ina jin kukan kaji kusa da ita.

Ta ce, "Yana nan. Yana ta sauraro."