Kawu A-Sake

Duk wanda ya zauna da Kawu Sabo a Unguwar Dosa ya san ba ya yarda da abin da ya faru sau ɗaya. Ko sunanka ka faɗa masa, sai ya ce, "A sake!" Haka sunan A-Sake ya bi shi har jami'ar da yake koyarwa.

Ran nan matarsa, Inna Lami, ta yi miyar taushe da ƙamshinta ya kai maƙwabta. Ya suɗe kwano tas, ya ce, "Lami, ba zan yaba ba tukuna. A sake gobe, mu ga ko dace ne."

"To Dakta, gobe sai ka shiga kicin ka sake da kanka!"

Aikinsa haɗa wani farin gari ne mai ramukan da ido ba ya gani, kamar soso. Garin zai shanye magani, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan a jikin mara lafiya. Sau ɗaya tak ya fito yadda ake so. Daga nan, wallahi, ya ƙi! Yau ramukan su toshe, gobe ya amayar da maganin gaba ɗaya.

Kawu fa ya tubure sai ya maimaita waccan ranar. Ya nemo kaftanin da ya sa, ya jira damina ta dawo. Da ya tuna an ɗauke wuta a tsakiyar aikin, sai ya je da kansa ya kashe ta ginin duka. Shugaban sashe ya fito yana sharce gumi.

"Wa ya kashe mana wuta?"

"Bincike ne, ranka ya daɗe."

Ni kam haushi nake ji, don sa'o'insa duk sun zama farfesoshi. Na ce, "Haba Kawu, ka buga sakamakon nan mana, ai ya fito!"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Cikin ɗan wani zai shiga, 'yar nan. Ni da na haɗa na kasa sakewa, wa zai iya?"

Haka ya yi ritaya yana Dakta, garin bai ƙara fitowa ba.

Ranar da likita ya ce mana rai ya yi wa Kawu halinsa, Inna Lami ta sha gabansa, ta ce a hankali, "Likita, a sake dubawa." Ya sake. Amsar ba ta canza ba. Daga ranar ban ƙara yi wa Kawu dariya ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa gaskiyar da ka riƙe ta haskaka maka kabari.