Zanen Yatsan Maigidana

Mijina bai taɓa rubuta min wasiƙa ba. Na tashi a Shagari ina karanta littattafan soyayyar nan da ake bayarwa haya a kasuwa, waɗanda bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi, kuma a cikinsu namiji yakan tsaya a bakin zaure ya ce wa mace ita ce hasken idonsa. Da aka kai ni Bodinga sai na tarar da mutumin da iyakar zancensa "Sannu da aiki" da "Akwai sauran fura?" Malamin gona ne, da rani kuma yana noman albasa a wata fadama wajen Danchadi. Na yi ta jiran irin kalaman littafi, ba su zo ba.

Abin da ya zo kwamfuta ce, laftof ta hannu da ya saya saboda aiki. A ƙasan maɓallanta, ta ɓangaren dama, akwai wani ɗan murabba'i baƙi da bai kai faɗin farce ba. Nan yake ɗora yatsa ta buɗe. Wata rana bayan la'asar ina wankin gero a tsakar gida, yana zaune a kan tabarma ƙarƙashin dogon-yaro, ya kira ni.

"Taho nan. Kawo hannunki."

"Da ƙasari fa."

"Goge ga zane."

Na goge. Ya kama manuniyata ta dama ya ɗora a kan ɗan murabba'in. "Ɗaga. Aza. Ɗaga. Ke, tsaya mana, mi kike ma dariya?" A fuskar kwamfutar wani zane yana cika kaɗan-kaɗan, hannunsa yana kan nawa, da kaushi da ɗumi. Da ya cika sai ya sake ni, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Yanzu duk duniya mutum biyu tas sani. Ni da ke."

Na koma kan gerona ina ji kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? A ce matar wane ta sa yatsa a kayan aikin mijinta tana murna kamar an ba ta sarƙar zinariya? Na ɓoye abina. Idan lokacin aikin albasa ya zo, yatsunsa kan tsattsage, kwamfutar ta ƙi gane shi, sai in ji muryarsa daga ɗaki: "Kishiyarki ta yi fushi, zo ki ba ta haƙuri." In bar tuwo a kan wuta in zo in buɗe masa. Har addu'a nake yi rani ya daɗe.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi a ƙarshen wata damina, bai yi doguwar jinya ba. Allah bai ba mu haihuwa ba. Na shiga takaba a ɗakina, ba kwalli ba lalle, mata suna shigowa suna fita da gaisuwa, ni kuwa ban tuna da wata kwamfuta ba.

Sai da na fita takaba aka zo rabon gado. Da malamin da ke rabon ya zo kan kwamfutar, na ce ta bayan labule a sa min ita cikin rabona. Na koma gidanmu a Shagari da ita a rungume. Inna ta dube ni ta ce, "Ga tumaki, ga buhunan dawa, ke kin ɗauko faranti mai wuta. To Allah shi kyauta."

Na jira har aka kawo wuta, na rufe ƙofa, na kunna. Hoton fadamar da ya sa a fuskarta babu shi. Na ɗora yatsa. Ɗan hasken da ke ƙiftawa a gefen murabba'in bai ƙifta ba. Na goge yatsan, na huro masa iska, na sake ɗorawa. Kamar na taɓa bango.

Na kira ƙanen mijina a waya. Shi ne abokin wasana a gidan, a da ba ya wucewa bai ce min "matarmu mai miya ba gishiri" ba, amma tun rasuwar ya daina.

"Wa ya taɓa kwamfutar nan?"

"Ai mun kai ta ga mai gyara. Wurin aiki nai sunka matsa a kan bayanan manoma, ba wanda yas san lambar sirri. Yak kwashe abin da ya kwasu, yay yi mata fomat. An maishe ta sabuwa."

"Da kun kawo min. Yatsana yana buɗe ta."

Ya ce, "Yatsanki? Ikon Allah. To ke kina cikin takaba, wa za ya shigo miki da kwamfuta? Kuma wa yas sani?"

Gaskiya ya faɗa. Su sun ji nauyin su dame ni, ni na ji nauyin a sani. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita a ranar da aka fita da ita.

A lokacin nan ne wani abu ya fara damuna. Mijina yana da tabo a manuniyarsa, wuƙar yankan lawashi ce ta yanke shi tun yana yaro. Na sha shafa tabon nan. Amma yanzu idan na rufe ido sai in kasa tuna yadda ya kwanta, a tsaye yake ko a gicciye. Fuskarsa tana nan a hotuna. Hannunsa kuwa babu wanda ya taɓa ɗauka. Na ga cewa wuri ɗaya ya rage a duniya da aka ajiye yatsan nan, shi ne cikin kwamfutar. Ina so in gan shi. In sa a buga min shi a takarda, in ajiye a ƙasan akwatina inda nake ajiye turarensa. A raina zanen yana kama da kunyoyin gona idan an hango su daga kan tudu, tabon ya ratsa su kamar hanyar ruwa.

Na hau motar haya zuwa Bodinga, ƙanen mijina ya raka ni shagon mai gyaran a kusa da tasha. Matattun wayoyi cike da tire, janareta yana tari a waje. Mai gyaran mutum ne mai yawan magana, da tabarau ɗaure da zare.

"Malama, ba lalacewa tay yi ba," in ji shi. "Direba ne babu."

Ya bayyana min cewa direba wata 'yar manhaja ce da ke sa kwamfuta ta san na'urar da ke jikinta. Fomat ya tafi da ita. Ya buɗe wani dogon jerin sunaye ya nuna min guda ɗaya mai alamar rawaya a gefe. "Kin ga wanga? Ita kanta ba ta san mi ne ne ba."

"Idan an sa direban, yatsun da ke ciki za su dawo?"

Ya sosa ƙeya. "Wasu suna aje su cikin kwamfuta, waɗannan sun tahi. Wasu kuma cikin ita 'yar na'urar suke ajewa. Sai mun gani."

Da wannan "sai mun gani" na rayu sauran ranin shekarar.

Matsala ta farko, ba a san ainihin samfurinta ba. Takardar da ke manne a ƙarƙashinta, inda ake rubuta lambar, ta goge fes. Cinyar mijina ce ta goge ta, shekara da shekaru. Na daɗe ina kallon farin wurin. Mai gyara ya yi ta gwada direbobin 'yan'uwanta, ya sa wannan ta ƙi, ya sa wancan ta amsa sannan alamar rawayar ta dawo. Ya ce in bar ta, na ce ba ta kwana a wani wuri kuma. Sai ya rubuta min wata doguwar lamba da ya ciro daga cikin jerin nan, ya ce in nema da kaina a wayata in ina da data.

Na nema. A gidanmu sabis ba ya shiga ɗaki, sai a bayan rumbu, nan nake tsayawa da hantsi kaji suna bi ta ƙafata. Turancina na sakandare ne, shafukan kuwa ko wanne da manyan maɓallai kore suna cewa a latsa nan. Na latsa. Abin da na sauko da shi ya cika kwamfutar da tallace-tallace, har da matan da Inna ta leƙo ta gani ta yi salati ta fita. Wani ya kusa gama sauka sabis ya ɗauke. Wani ya sauka duka, ya buɗe, ya ce ba na wannan na'urar ba ne. Ranar na zauna a gindin rumbun na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawarsa, don ranar akwai mutane.

Inna ta ce, "Ɗiyata, wanda yat tahi addu'a yake so, ba wanga wahala ba."

"Ina yi masa, Inna."

"To ki ci abinci."

Na yi ta zirga-zirga tsakanin Shagari da Bodinga har direbobin tasha suka san ni, suna ce min mai kwamfuta. Ta taga ina ganin an fara cire albasa, an tara ta ja a bakin hanya, warinta yana shigowa mota. A irin lokacin nan ne yake kirana in buɗe masa.

Ranar da aka dace, ba wani abin mamaki aka yi ba. Mai gyaran ya samo wani tsohon direba a wurin abokin sana'arsa na Sakkwato, a filashi. Ya sa, ya kashe kwamfutar, ya kunna. Alamar rawayar ta ɓace. Ɗan hasken ya ƙifta.

Ƙanen mijina ya tafa hannu. "Matarmu ta ci nasara! Yau ko miyarki ba gishiri sai na sha."

Ni ban iya dariya ba. Na ce, "Nuna min yatsun."

"Tsaya mu gani ko da saura," in ji mai gyara. Ya shiga wurin da ake rajistar sabon yatsa. "Aza naki."

Na aza. Na ɗaga. Na aza. Babu hannun kowa a kan nawa. Zanen ya fara cika, sai ya tsaya, wani rubutu ya fito. Mai gyaran ya matso da tabaransa ya karanta a hankali.

"Wai ta riga ta san wanga yatsa."

Na ce, "Ke nan ba su goge ba."

"Ba su goge ba. Suna cikin na'urar."

"Nasa ma yana nan."

"In dai ya sa, shina nan."

"To fito min da shi. Ko a waya ka tura min, ni zan kai a buga."

Ya cire tabaran ya riƙe a hannu. "Malama, ba hoto ba ne. Lissahi ne take yi da zanen ta kulle. Ba ya hitowa. Ko wanda yaƙ ƙera ta bai iya ganin shi. Abu guda take yi da shi, in mai yatsan ya zo ya aza, ta gane shi."

Ƙanen mijina ya tashi ya fita, ya tsaya a bakin titi ya ba mu baya.

Na tambaya ko a Sakkwato za a iya, ko a Kano. Ya girgiza kai. Ya ce tun da an yi fomat, tsohuwar rajistar ba za ta ƙara buɗe min kwamfutar ba, abin da zai iya min biyu ne. Ko ya share duk abin da ke cikin na'urar in sa yatsana sabo ta riƙa buɗe min, ko in sa wani yatsan. "Allah ya ba ki goma, Malama," ya ce, yana ƙoƙarin ya sa ni murmushi.

Na ce kada ya share komai. Wani yatsan kuma ban sa ba. Ba shi mijina ya riƙe ya ɗora ba.

A hanyar fita na tambayi ƙanen mijina yadda tabon yake. Ya yi tunani ya ce, "A gicciye, ina ji. Ga hannun hagu ko?" A dama yake. Wannan kam na tabbata. Ban sake tambayar kowa ba.

Yanzu da lambar sirri nake buɗe ta, kamar kowa. Ba ni da aikin da nake yi da ita. Na dai haddace hanyar da mai gyaran ya bi, idan an kawo wuta sai in shiga wurin rajistar, in goge yatsana a zane, in aza, in ɗaga, in aza, har rubutun nan ya fito ya ce ta san ni. Muddin ta faɗi haka, na san nasa yana can kusa da nawa, a wurin da ba mai ganinmu.

Batirinta ya fara kumbura, yana ɗaga maɓallan ta tsakiya. Murfin ya tsage a gefe ɗaya. Mai gyaran ya ce irinta ba a samun kayanta kuma, in lallaɓa. Makon jiya sai da na danna sau da yawa kafin ta kunnu, hasken ya yi jinkirin ƙiftawa, na zauna da yatsana a kan murabba'in ina jira. Tabon kuwa har yau ban tuna ba.